Daga Motar Kara Zuwa Ƙananan Jiragen Roba: Yadda Shekaru Suka Sauya Mu

Ni ɗaya ne daga cikin mutanen da suka shafe mafi yawan rayuwarsu suna haɗa ƙananan samfuran jiragen sama na roba, wato irin waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mutum ya zauna ya yanke su, ya manna su da gam, ya yi musu fenti har su fito da kamannin jirgin gaske. A ƙasar Hausa ba mu da yawa, kuma da wuya ka ji wani dattijo ya fito fili ya ce wannan ce sha'awarsa. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani a kaina da kuma a kan waɗanda muka yi wannan harka tare, a gida da kuma a Ingila. Ƙwarewar hannu tana ƙaruwa ne a hankali har ranar da ido ya fara gajiya, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya daɗe yana ba ni tunani shi ne yadda dalilin zama a gaban tebur yake sauyawa, har mutum ɗaya, da kwali iri ɗaya a gabansa, ya yi abubuwa mabambanta ƙwarai yana ɗan shekara goma sha biyu, da yana ɗan arba'in, da kuma bayan ya haura sittin.

A Kaduna aka haife ni, a farkon shekarun 1960, mahaifina yana aikin reluwe. Kamar sauran yaran unguwarmu, da motar kara na fara. Mukan fere ɓawon kara mu soka shi a cikin totuwa, mu yanko tayoyi daga tsohon silifas, wani lokaci kuma mu buɗe gwangwanin madara mu yi bodi. Ni dai hankalina ya fi karkata ga sama, saboda ƙananan jiragen horo na sojan sama da suke tashi daga sansaninsu na wajen Mando suna yawan ratsawa ta kan gidanmu, kuma na sha gwada yin jirgin kara mai fiffike biyu da farfela ta kwali. Wajen shekarar 1974 ne kawuna, wanda yake aiki a ofishin ɗaya daga cikin masaƙun Kaduna, ya lura da haka, ya shiga kantin Kingsway ya sayo mini jirgin Spitfire na kamfanin Airfix. Da ya miƙo mini ya ce, "Ga shi nan, in ka iya haɗa wannan, to ka cancanci a kira ka injiniya." Na durƙusa na karɓa da hannu biyu na ce, "Na gode, Kawu, Allah ya ƙara buɗi."

A jikin kwalin an rubuta 1/72, kuma Kawu ne ya fassara mini ma'anarsa: kowane inci ɗaya a jikin samfurin yana wakiltar inci 72, wato ƙafa 6, a jikin jirgin gaske. Spitfire na gaske faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 11, saboda haka nawa bai wuce santimita 15 da ɗoriya ba. Wannan lissafi ya burge ni fiye da yadda zan iya bayyanawa, domin a ranar na gane cewa abin da ke hannuna ba kwatance ne na ido kawai ba kamar jirgin kara, awo ne aka yi aka rage.

Yadda muke aiki a wancan zamani kuwa abu ne da duk wanda ya fara yana yaro zai gane. Tsakanin azahar da magariba an gama jirgi. Da hannu ake murɗe gunduwoyin daga jikin firam ɗinsu, in an yi ƙoƙari a kankare gefen da reza. Gam ɗin na cikin tub ne, yana fitowa da yawa, yana barin zanen yatsa a kan fiffike, kuma in ya taɓa gilashin mazaunin matuƙi sai ya yi fari fat. Tambarin jirgin, wanda ake jiƙawa a ruwa ya zame daga takarda, a kan roba tsirara muke manna shi. Daga baya na riƙa tara kuɗin tara ina sayen ƙananan gwangwanayen fentin Humbrol masu cin mililita 14, ina wanke buroshi da kananzir, Inna tana faɗan warin da ke cika mata ɗaki. Samfuran kamfanin Matchbox, waɗanda suka fara fitowa a 1973, sun fi mana sauƙi, tunda robarsu kala biyu ko uku ce, ko ba fenti suna da kyan gani. In an gama sai a ɗaura zare a rataye a rufin ɗaki, ko a fita da shi waje ana gudu ana kwaikwayon ƙarar inji har farfela ta karye. Ba wanda ya taɓa tambayar ko launin daidai ne, ko ƙafafun sun yi tsawo. Buri ɗaya ne, a gama a gani, kuma ban taɓa ajiye kwali ya kwana biyu ba a buɗe ba. Har yau ina ganin akwai wata lafiya a cikin wannan hali, wadda manya da yawa suka rasa suka kuma sha wahala kafin su dawo da ita.

Sai zamani ya juya. Matakan tsuke bakin aljihu na 1982 suka rage shigo da kaya daga waje, sannan faɗuwar darajar naira daga 1986 ta ƙarasa abin da ya rage. Kantocin da a da suke cike da kwalaye suka koma wayam. A can Ingila ma kamfanin Airfix ya durƙushe a 1981, ya riƙa sauya hannu, yayin da wasannin bidiyo suka fara janye yara daga teburin gam da fenti. A lokacin ina karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kuma rashi ya koya mini abin da wadata ba ta koya mini ba. Na riƙa kwance tsofaffin jiragena ina kankare fentinsu ina sake haɗawa, ina cike tsagu da foti irin na masu gyaran jikin mota, ina gogewa da samfefa mai laushi. In wani ɓangare ya ɓata, sai in yanko madadinsa daga robar kwanon abinci ko siririyar wayar lantarki. Wani abokin karatuna da ya je hutu Landan ya kawo mini Alpha Jet guda ɗaya, a daidai lokacin da sojan saman Nijeriya suka fara amfani da irinsa, kuma na shafe watanni a kansa, ba don yana da wuya ba, sai don na san in ya ƙare babu wani. Bayan haka hidimar ƙasa, neman aiki, aure da haihuwa suka zo a jere, na nannaɗe kayan aikina a tsumma na tura ƙarƙashin gado.

A tsakiyar shekarun 1990 na tafi Manchester ƙarin karatu, daga baya kuma na sami aiki na zauna da iyalina. A lokacin sanyi ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara, mutum ba shi da dandali ko majalisar da zai je hira, kuma a irin wannan yamma ce na shiga wani shagon samfura na fito da kwali a hannu. Mai shagon ne ya nuna mini hanyar wani reshe na ƙungiyar IPMS, ƙungiyar masu haɗa samfuran roba da aka kafa a Birtaniya a 1963, waɗanda suke haɗuwa sau ɗaya a wata a wani ɗakin taro na unguwa. Ni kaɗai ne baƙar fata a cikinsu, amma da aka fara ba da labari sai na ji kamar tarihina ake karantawa. Kusan kowa ya fara yana yaro, dattawan cikinsu suna tuna lokacin da ake sayar da Airfix a cikin leda a kantin Woolworths kan sule biyu. Kusan kowa ya bari da ya balaga, kuma kusan kowa ya dawo bayan ya haura talatin, lokacin da ya sami kuɗin da ba shi da shi a yarinta, ya kuma rasa lokacin da yake da shi a da.

A nan ne na ga babban sauyi na farko, kuma na shiga cikinsa tsundum. Babban mutum da ya dawo wannan harka ba ya yarda ya yi aikin yaro. Samfuran Japan na Tamiya da Hasegawa sun riga sun ɗaga matsayin abin, gunduwoyinsu suna shiga juna daram ba tare da foti ba, layukan jikinsu a tsage suke siriri maimakon su taso kamar na da. Gam na ruwa ya maye gurbin na tub, ana ɗiga shi da bakin buroshi ya bi tsaga da kansa. Buroshin fenti ya ba da wuri ga 'yar na'urar feshi da kwamfaresa. Kamfanoni irin su Eduard na ƙasar Czech suna sayar da siraran faranti na tagulla da aka zana bel ɗin kujera da allon agogunan matuƙi a jikinsu, waɗanda sai da hantsaki ake ɗaukarsu. Sau da yawa kuɗin waɗannan ƙarin kaya yakan zarce kuɗin samfurin kansa. Kafin a yanke gunduwa ɗaya sai an tara hotuna da zane-zanen awo, an auna fiffike da rula, an tabbatar da lambar jirgin da rundunar da ya yi wa aiki da shekarar da aka sauya masa fenti.

Ba zan raina wannan mataki ba, domin a cikinsa na koyi haƙuri da bincike, kuma na karanta tarihin ƙarni na ashirin fiye da yadda na karanta a makaranta. Amma na ga illarsa da idona. Akwai waɗanda ake kira masu ƙirga ƙusa, waɗanda in ka ajiye aikin wata uku a kan tebur, abin da za su fara gani shi ne eriyar da ta karkace ko koren da ya ɗan yi duhu. Na ga mutane masu furfura suna jayayya mai zafi a kan ainihin launin cikin wani jirgin Jamus na 1942, alhali hujjarsu duka hotuna ne marasa kala. Na ga wani saurayi ya kawo jirginsa na farko yana murna, aka yi masa gyara har ta kai bai sake dawowa ba, kuma wannan ya daɗe yana damuna. Illar da ta fi yaɗuwa kuma ita ce tsoron farawa. Mutum yana da samfuri mai tsada, ya tanadar masa komai, amma ya ce sai hannunsa ya ƙara faɗawa, sai ya sami wani littafi, sai an fito da tambari mafi kyau. Waɗanda aka fara ma sukan tsaya a rabi, a mayar da su kwali saboda wani ɗan aibi da ba mai gani sai mai shi.

Daga nan tara kaya yake farawa. Kusan kowane ɗan ƙungiyarmu yana da rumbun kwalaye a saman silin ko a gareji, kuma sayayya ta zama wata sha'awa mai zaman kanta, musamman da intanet ta zo, kasuwar eBay ta sa duk samfurin da mutum ya yi mafarkinsa yana yaro ya zama ana iya samunsa cikin dare ɗaya. Turawan sukan ce suna tanadi ne don lokacin ritaya, ko kuma suna tsoron kamfani ya daina bugawa, kuma da kamfanin Humbrol, mai riƙe da Airfix a lokacin, ya faɗi a 2006 kafin kamfanin Hornby ya saye su, wannan tsoro ya sami hujja. Ni nawa dalilin daga Samaru ya biyo ni. Wanda ya taɓa ganin kanta wayam ba ya iya wuce kwali mai araha ya bar shi. Maiɗakina ba ta taɓa hana ni ba, abin da ta ce kawai wata rana shi ne, "Maigida, waɗannan duka yaushe za a haɗa su?" Na ce mata in Allah ya ba da rai da lafiya, ta ce, "To, Allah ya bayar."

Amsar gaskiya ta zo mini ne bayan rasuwar wani dattijo a ƙungiyarmu, tsohon makanikin jiragen soja, mutum mai kirki wanda shi ya koya mini riƙe na'urar feshi. Matarsa ta roƙi ƙungiya ta taimaka mata ta rabu da kayansa. Muka je muka sauko da ɗaruruwan kwalaye daga saman silin, yawancinsu ko ledarsu ba a yage ba, wasu da rasit ɗin shekarun 1970 a ciki, tambarinsu ya yi rawaya ya tsattsage. Aka sayar da su a farashin da bai kai rabin darajarsu ba. A kan teburinsa kuwa akwai jirgi ɗaya da ya kusa kammalawa. A hanyar komawa gida na yi ta tunanin abin da addinina ya ce game da almubazzaranci, da kuma nauyin da mutum yake bar wa magada. Tun daga wannan shekara na sa wa kaina doka cewa ba zan sayi sabo ba sai na gama wanda ke kan tebur, kuma na lura cewa ba ni kaɗai wannan rasuwa ta taɓa ba, domin da yawa daga cikin 'yan ƙungiyar sun fara kawo kwalayensu suna rabarwa.

Akwai wani sauyi da ya shafe ni a matsayina na Musulmi, wanda abokaina Turawa ba su san da shi ba. Ina yaro nakan yi wa ɗan mutum-mutumin matuƙi fenti in zaunar da shi a kujerarsa ba tare da tunanin komai ba. Da na girma sai zuciyata ta fara wasiwasi, na je na sami wani malami a masallacinmu na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da nake yi a lokacin hutuna, mene ne matsayinsa?" Ya yi mini tambayoyi a natse, sannan ya ce jirgi da mota ba su da rai, bai ga laifi a surantasu ba, amma ya fi mini aminci in bar siffar mutum, kuma in kula kada abin ya ci lokacin salla ko haƙƙin iyali. Tun daga nan kujerun jiragena babu kowa a kai, wanda hakan ya sa na ƙware a yin bel da allon agogo, tunda babu abin da zai rufe su. Sai kuma batun alwala. Fentin mai da gam mai kamawa nan take suna bushewa a kan fata su hana ruwa taɓa ta, kuma na sha tsayawa ina kankare yatsu ana kiran salla. Wannan ne ya sa na fara sa safar hannu ta roba, na kuma koma fentin ruwa irin na Tamiya da Vallejo tun kafin yawancin abokaina su koma, su da wari da lafiyar huhu ne suka kore su daga fentin mai.

Babban taron shekara-shekara na ƙungiyar IPMS da ake yi kowane Nuwamba a garin Telford na Ingila shi ya sauya mini abin da nake haɗawa. Za ka yi yini kana zagaya tebura, ka ga Spitfire da Messerschmitt da Mustang iri-iri ba iyaka, amma da ƙyar ka ga jirgi ɗaya na wata ƙasar Afirka ta Yamma. Na tambayi kaina dalilin da ya sa na shafe shekaru ina haɗa tarihin wasu, alhali ƙasata tana da nata. An kafa rundunar sojan saman Nijeriya a 1964. Ta yi amfani da L-29 Delfin na Czechoslovakia da MiG-17 da Il-28 na Tarayyar Soviet a lokacin yaƙin basasa, ta sami MiG-21 da C-130 Hercules a tsakiyar shekarun 1970, sannan Alpha Jet da Jaguar a shekarun 1980. Duk waɗannan akwai samfuransu a kasuwa, tambarin kore da fari da kore ne kawai yake da wuyar samu, sai na koyi yanka salatif a da'ira ina fesa shi da kaina. Hercules ɗin a ma'aunin 1/72 faɗinsa ya kai santimita 56, sai da na sake tsarin kabad kafin ya shiga.

A cikin wannan aiki ne na gamu da abin da ya fi komai sauya yadda nake kallon jiragen yaƙi. Wani abokina likita, Inyamuri ne da muke zumunci da iyalinsa, ya zo gidana cin abinci, ya hango MiG-17 mai tambarin Nijeriya a cikin kabad. Ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya san ƙarar wannan jirgin, domin yana yaro in suka ji ta sai mahaifiyarsa ta ja su su faɗa daji. Bai zarge ni ba, har ya yaba aikin. Amma daga ranar na daina ganin bama-bamai da rokoki a matsayin kayan ado na ƙarƙashin fiffike. Yaro yana son jirgin yaƙi saboda gudu da ƙarfi, kuma haka na so shi, amma yaƙin 1967 zuwa 1970 mutane ya ci, a ɓangarorin biyu. Ban fasa haɗa jiragen soja ba, domin tarihi ne kuma ɓoye shi ba ya goge shi, sai dai na koma rubuta ɗan bayani a gaban kowanne, kuma hankalina ya fi komawa ga jiragen horo, na dakon kaya da na fasinja. Na lura da irin wannan a wurin dattawan Turawa ma, musamman waɗanda suka yi aikin soja, domin su ne suka fi kowa ƙarancin zumuɗi a kan makamai.

Da na yi ritaya na dawo Kaduna, sai yanayi ya sake tilasta mini wasu halaye. Da hunturu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti komai rufe taga, kuma bushewar iska tana sa fentin ruwa ya daskare a bakin na'urar feshi kafin ya isa jikin jirgi, saboda haka yanka da manni da guga nake yi a lokacin, in bar fenti sai damina. Zafin bazara yana lalata tambari, sai na koma ajiye su a cikin leda a wuri mai sanyi. In babu wuta babu kwamfaresa, wannan ya mayar da ni ga buroshin da na raina a shekarun Manchester, na kuma gano cewa in aka tsinka fenti aka shafa shi siriri sau uku, aikin yana fita da kyau. Ido ma ya yi nasa hukuncin. Yanzu sai da tabarau da gilashin ƙara girma nake aiki, kuma na fi son ma'aunin 1/48, wanda gunduwoyinsa suka fi girma, kamar yadda yawancin sa'o'ina suka koma. Ina gama kaɗan a shekara, amma duk wanda na fara ina gamawa, kuma yawanci da abin da ke cikin kwali kawai, ba tare da ƙarin tagulla ba.

Misalin da ya fi nuna mini nisan da na yi shi ne Boeing 707 na Nigeria Airways, irin jirgin da ya kai mahaifina aikin Hajji a ƙarshen shekarun 1970. Ina da tsohon samfurin Airfix a ma'aunin 1/144, wanda aka yi shi da injunan Rolls-Royce Conway irin na jiragen Birtaniya, alhali na Nijeriya injunan Pratt & Whitney ne, kuma siffar murfinsu ta bambanta. Da ina yaro ban ma san da wannan bambanci ba, da na shafa kore na rataye. A shekarun Manchester wannan bambanci ne ya sa kwalin ya zauna a rufe. Da na dawo gida sai na ɗauko shi, na gyara injunan da foti da samfefa gwargwadon iyawata, na zana giwa mai fiffike ta kamfanin a jikin wutsiya da siririn buroshi. Masu ƙirga ƙusa za su sami abin faɗa a kansa. Amma da yayata ta gan shi ta ce, "Wannan ai jirgin Baba ne," muka zauna muna tuna ranar da muka je tarbarsa a filin jirgin Kano, da tsarabar dabino da zamzam, muka yi masa addu'a. Kamfanin ya daina aiki a 2003, kuma yawancin jikokinmu ba su taɓa ganin wannan tambari ba sai a kabad ɗina.

Matasan da suke shiga harkar yanzu ta wata ƙofa suke shigowa. A YouTube suke koyo, kuma wasunsu suna fara aiki da na'urar feshi tun daga samfurin farko, suna yin abin da ni sai da na kai arba'in na iya. Suna son tsufantar da samfuri, a sa masa tsatsa da ƙura da zubar mai, har wani lokaci nakan ga abin ya wuce yadda kowane makaniki zai bar jirginsa ya tashi, ko da yake na daina faɗa musu haka sai in sun tambaya. Da yawansu ba jirage ne suka jawo su ba, samfuran Gundam ne na kamfanin Bandai, wato mutum-mutumin yaƙi na fina-finan zane na Japan, waɗanda suka fara fitowa a 1980 kuma na yanzu ba sa bukatar gam. Na'urar buga abubuwa ta 3D ta sa ɓangaren da a da nake sassaƙawa mako guda yanzu ana fitar da shi cikin sa'o'i. Zaman gida na annobar korona a 2020 ya dawo da mutane da yawa teburin da suka bari tun yarinta, har wasu tsofaffin abokaina na makaranta suka riƙa bugo mini waya suna tambayar inda ake samun gam. Abin da nake yi musu fargaba ɗaya ne: suna auna aikinsu na farko da hotunan gwanayen duniya a waya, tsoron farawa yana kama su tun ba su ɗanɗani daɗin gamawa ba.

A unguwarmu har yanzu akwai masu ce mini, "Alhaji, da girmanka kana wasan yara?" A da nakan yi dogon bayani a kan tarihi da lissafi, yanzu kuwa sai in ce su shigo su gani, kuma galibi sukan daɗe a gaban kabad ɗin fiye da yadda suka yi niyya. Ragowar kwalayen da na dawo da su daga Ingila ina rabar da su ga jikokina da yaran maƙwabta da suke zuwa ranar Asabar da hantsi. Sharaɗina shi ne a haɗa a gabana, a gama, kuma ba na gyara wa yaro aikinsa sai in shi ya nema. In gam ya ɓata gilashi, sai in nuna masa yadda zai kauce wa hakan a na gaba.

Abin da ke kan teburina yanzu shi ne DH.9A, ɗaya daga cikin jirage uku na sojan saman Birtaniya da suka taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Jirgi ne mai fiffike biyu sama da ƙasa, faɗinsa kusan mita 14, kuma wayoyin da suka ɗaure fikafikan sai da siririn zaren kamun kifi nake yin su, ɗaya bayan ɗaya, da safe lokacin da haske ya fi kyau kuma hannu bai gaji ba. Na gama gangar jiki da fiffiken ƙasa, fentin azurfa yana jiran saukar ruwan sama, kuma in Allah ya yarda ina so in haɗa guda ukun duka, in nemi wata makarantar firamare a Kano da za ta karɓe su ta ajiye inda ɗalibai za su riƙa gani.